Kelly Slater ba zai ƙara ɗaukar kambun duniya ba, kuma masoyinsa ne ke faɗa

Bari in faɗi matsayata tun daga sama kada wani ya ce na yi ta zagaye-zagaye. Kelly Slater ba zai ƙara ɗaukar kambun duniya a wasan hawan igiyar ruwa ba. 11 ɗin da yake da su su kenan, na 12 ba ya zuwa. Kuma wallahi ba da daɗin rai nake rubuta wannan ba, don a duk masu wasan nan babu wanda nake so kamarsa, shi ne ma dalilin da ya sa na fara kallon wasan tun asali. Amma so daban, lissafi daban.

Na san wani zai ce to Bahaushe yana zaune a Jidda me ya haɗa shi da wasan Turawan bakin teku. Gaskiya ne Bahar Maliya ba ta da irin igiyoyin nan, ka je Kurnish ko Ubhur ruwa ne kwance lafiya lau, sai masu nutso da masu jiragen shaƙatawa. Sai dai waya ta riga ta gama da wannan maganar, yaranmu na nan suna kallon komai a YouTube, kuma tun da aka buɗe katafaren tafkin nan mai yin igiya da inji a tsibirin Hudayriyat na Abu Dabi a 2024, wanda fasahar kamfanin shi Slater ɗin ce aka yi shi da ita, har aka zo aka yi gasar duniya a cikinsa a Fabrairun 2025 Italo Ferreira na Brazil ya lashe, to wasan ya matso kusa da mu sosai. Shabab ɗin da muke zama da su a istiraha daren Alhamis yanzu akwai waɗanda suka san sunan gwanin hawan igiya John John Florence kamar yadda suka san na Benzema. Kuma duk lokacin da aka taso da maganar Slater sai musu ya kaure, kullum hujjar ɗaya ce, ai mutumin nan ba a yanke masa hukunci, an sha cewa ya ƙare yana dawowa.

To wannan hujjar ba ta banza ba ce, dole in ba ta haƙƙinta. An haife shi a 11 ga Fabrairun 1972 a Cocoa Beach ta jihar Florida, wurin da igiyarsa ba wata ta a zo a gani ba ce. Ya ɗauki kambun farko a 1992 yana da shekara 20, ya zo ya jera biyar daga 1994 zuwa 1998, sai ya ce ya gaji ya ajiye. Da ya dawo a 2002 ya tarar da Andy Irons na Hawayi ya zama dodo, yaron ya cinye 2002 da 2003 da 2004 a jere, har da na 2003 ɗin nan da suka je ranar ƙarshe a Pipeline, shahararren wurin hawan igiya na Hawayi, suna kankankan Irons ya kada shi. A lokacin ma mutane cewa suka yi halas, zamaninsa ya wuce. Sai ga shi ya ɗauka a 2005, ya ƙara a 2006, ya ƙara a 2008, ya ƙara a 2010 a Puerto Rico kwanaki kaɗan bayan mutuwar shi Irons ɗin, ya rufe da 2011 a San Francisco yana da shekara 39. Ya'ani a ɓangaren maza shi ne mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa ɗauka kuma shi ne mafi tsufa da ya taɓa ɗauka. Mutum ɗaya. Mark Richards na Ostireliya da ke biye masa a maza huɗu gare shi. Sannan abin da ya fi rikita mutane shi ne 5 ga Fabrairun 2022, saura kwana shida ya cika 50 ya je ya lashe gasar Pipeline, ya doke Seth Moniz a wasan ƙarshe, yaron da Slater ya taɓa yin gasa da mahaifinsa Tony Moniz. Duk wanda ya ga yadda ya fashe da kuka a ranar ba zai manta ba. Shekara 30 tsakanin cin Pipeline ɗinsa na farko da wannan, haba, ai dole mutane su ɗauka ba ya tsufa.

Amma a nan ne nake rabuwa da 'yan uwana. Cin gasa ɗaya wani abu ne, kambun duniya wani abu ne daban, kuma duk rikicin ya taso ne daga haɗa su da ake yi.

Ga wanda bai san yadda ake yi ba, ana saka mutum biyu ko uku a ruwa na kamar minti 30 zuwa 35, kowa ya hau igiyar da ya samu, alƙalai biyar su ba kowace igiya maki daga 0 zuwa 10, a cire na sama da na ƙasa a ɗauki tsakiya, sannan a haɗa maka igiyoyi biyu mafi kyau, wanda ya fi maki ya wuce gaba. Haka za a yi ta yi har a fitar da gwani a wannan wurin. Sai a tattara kaya a tafi wata ƙasa, Hawayi, Fotugal, El Salvador, Ostireliya, Brazil, Afirka ta Kudu, Tahiti, Fiji, wata bayan wata ana cikin jirgi ana canjin lokaci ana canjin ruwa, wani wuri sanyi kamar ƙanƙara wani wuri zafi. Kuma igiyoyin ba iri ɗaya ba ne. Akwai irin na Pipeline da Teahupo'o ta Tahiti da Cloudbreak ta Fiji, manya masu lanƙwasowa su yi kogo mutum ya shige ciki ruwa ya rufe shi ya fito ta ɗaya bakin, ga duwatsun murjani a ƙasa kaɗan suna jira. Irin waɗannan ilimi suke so da dakiyar zuciya, ka san wacce za ka bari ta wuce, wacce za ta buɗe wacce za ta rufe da kai, inda za ka zauna, daƙiƙar da za ka miƙe. A nan kam har gobe Slater malami ne, shekara ba ta rage masa komai ba sai ma ƙari. Sannan akwai irin na Saquarema a Brazil ko Lower Trestles a Kalifoniya ko Supertubos a Fotugal ranar da iska ta ɓata shi, igiya ƙarama ko matsakaiciya wadda ba ta da kogo, a nan maki yana wajen wanda zai fizgi gudu ya tashi sama da allonsa ya juya a iska ya diro a kan ƙafafunsa bai faɗi ba. Wannan aikin gwiwa ne da idon sawu da ƙugu. Yaro ɗan shekara 23 zai yi ya faɗi ya tashi ya sake har sau goma a zagaye ɗaya, gobe ya wayi gari garau. Mai shekara 50 da ɗoriya in ya diro ba daidai ba sau ɗaya, wata uku kenan yana jinya. Kuma irin waɗannan wuraren su ne suka fi yawa a shekara.

Duk wanda ya taɓa zama Makka ya san masu tura arabiya, wato keken ɗaukar tsofaffi da marasa ƙarfi, a Harami, da yawansu ma namu ne. Akwai dattijon da ya shekara talatin yana wannan aikin, in ka ba shi tsohuwa ɗaya ya yi mata sa'ayi a daren cunkoso wallahi zai riga saurayi gamawa, don ya san inda ake kutsawa da inda ake dakatawa, ya san lokacin da jama'a ke buɗewa. Amma ka ce a ƙirga wanda ya fi yawan zuwa da dawowa tsakanin Safa da Marwa daga ɗaya ga Ramadan har daren sallah, kullum, dare da rana, ai shi da kansa zai ce maka ɗana wannan na yara ne. Kambun duniya wannan ƙirgen na wata guda ne, ba sa'ayin dare ɗaya ba.

Kuma ba ra'ayina kawai ba ne, alƙaluman da kansu sun faɗa. Gasa 56 ya ci a rayuwarsa a babban rukuni, babu wanda ya kama ƙafarsa. To daga farkon 2014 zuwa yau guda nawa ne a ciki? Biyu. Tahiti a 2016 da Pipeline a 2022. Dukansu igiyoyin kogo ne, babu ko ɗaya a ƙaramin ruwa. Shekarar 2022 ɗin ma da ya buɗe ta da nasara bai shiga cikin mutum biyar na sama da suka fafata kan kambun a ranar ƙarshe ba. Abin da ya fi min zama hujja ma shi ne 2012, lokacin yana da shekara 40 ƙarfinsa bai tafi ba, ya ci gasa uku a shekarar, Fiji da Trestles da Faransa, amma Joel Parkinson ne ya ɗauki kambun, mutumin da bai ci ko ɗaya ba sai ta ƙarshe a Pipeline, kawai dai duk inda aka je yana kaiwa can gaba ba ya faɗuwa da wuri. A 2013 ma haka, Slater ya ci uku har da Pipeline ɗin, Mick Fanning ya tafi da kambu. To idan yana ɗan 40 da 41 cin uku-uku bai ishe shi ba, ta yaya zai isa yanzu da ya haura 53 kuma cin ɗayar ma sai an jira shekaru?

Ga jiki kuma. A Yulin 2017 ya karya ƙasusuwan tafin ƙafarsa a Jeffreys Bay ta Afirka ta Kudu, raunin da ya cinye masa yawancin sauran shekarar da kusan duk 2018. A 2023 aka yi masa babbar tiyata a ƙugu. Mutum ne mai kula da cinsa da shansa fiye da kowa, wannan ba a musu, shi ya sa ma ya kai inda ya kai, amma kulawa jinkirta abu take yi ba ta hana shi zuwa. Daga 2022 zuwa 2025 hukumar WSL mai shirya gasar duniya ta yi aiki da tsarin zaftare 'yan wasa a tsakiyar shekara, wanda bai tara maki ba a sallame shi. A 2023 zaftarewar ta kama shi sai da aka ba shi gurbin alfarma ya ƙarasa. A Afrilun 2024 a Margaret River da ke Ostireliya ta sake kama shi bayan Griffin Colapinto ya fitar da shi, aka ɗauko shi a kafaɗa daga bakin ruwa ana tafi mutane na hawaye. Wannan ɗaukar a kafaɗa ai ba ta wanda ake jira ya dawo ya ci kambu ba ce, kowa a wurin ya san me ake nufi. Yanzu haka ba ya cikin jerin masu zagayen shekara, sai dai a gayyace shi wuri-wuri. Wanda ba ya cikin gasa ta ina zai tara maki? Sai dai ya koma ƙaramin rukuni ya yi ta fafatawa da yara 'yan 18 a ƙananan igiyoyi don neman gurbi, kuma ni ban ga yana yin haka ba, ban ma so ya yi.

Yanzu bari in zo kan misalan da ake kawo min, don a ƙasar nan muna da su a gabanmu. Na farko Ronaldo, a ce ga shi can a Riyad ya haura 40 yana zura ƙwallo, har ya kafa tarihin ƙwallo 35 a kakar 2023/24. Haka ne. Amma Ronaldo yana da mutum goma da ke gudu saboda shi, ranar da ƙafarsa ta yi nauyi wani zai kawo masa ƙwallon har bakin raga, kuma duk da haka har ƙarshen kakar 2024/25 Nassr ba ta ɗauki kofin lig da shi ba, Ittihad ɗinmu ta nan Jidda ta ɗauki biyu Hilal ta ɗauki ɗaya. A cikin ruwa babu mai miƙo maka komai, kai ne za ka tuƙa allon da hannunka ka kutsa ta ƙarƙashin igiya ka koma ciki. Na biyu Carlos Sainz babba, wanda ya lashe tseren Dakar a hamadar nan tamu a 2024 yana da shekara 61. Wannan abin girmamawa ne ƙwarai, kwana da kwanaki a cikin rairayi ba wasa ba ne, sai dai inji ne ke ɗauke da shi, ƙarfin gudun daga mota yake fitowa shi nasa ido ne da hankali da juriya. Slater shi ne direban kuma shi ne injin. Na uku George Foreman da ya buge Michael Moorer a 1994 ya karɓi kambun dambe yana da 45, to ai wannan ni yake goyon baya, dare ɗaya ne naushi ɗaya, kuma kafin naushin ana cinsa a maki. Da a ce kambun hawan igiya dare ɗaya ne a Pipeline da ni ne zan fara cewa a yi hattara da tsohon nan. Misalin da ya fi kama da shi a wajena Fernando Alonso ne, direban tseren motoci na Formula 1 da muka sha gani yana zagaya titin Kurnish, gwani ne har yanzu ba mai musu, amma kambunsa na ƙarshe tun 2006 ne.

Akwai masu wayo a cikinmu da ke kawo maganar tsarin ranar ƙarshe, su ce ai daga 2021 zuwa 2025 kambun a rana ɗaya ake yanke shi tsakanin mutum biyar na sama, kuma Stephanie Gilmore ta shigo tana ta biyar a 2022 ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ɗauki na takwas ɗinta. Gaskiya ne ta yi, amma tana da shekara 34 a lokacin, kuma sai da ta yi aikin shekara ta shiga biyar ɗin tukuna. Slater bai taɓa shiga ba ko sau ɗaya a wannan tsarin. Kuma hukumar ta sanar cewa daga 2026 an koma tara maki na shekara gaba ɗaya ana rufewa a Pipeline. Wasu da suka ji Pipeline sai murna wai an gyara masa hanya. Ina! Sai ka iso Pipeline da makin da ka tara a sauran wurare kafin ta amfane ka, in ka iso hannu rabbana ko ka cinye gasar wani ne zai ɗaga kambun a gabanka, kamar dai yadda aka yi masa a 2013.

Sannan a duba waɗanda suka ɗauka bayansa mana. Gabriel Medina a 2014 da 2018 da 2021, Adriano de Souza a 2015, John John Florence a 2016 da 2017 da 2024, Italo Ferreira a 2019, Filipe Toledo a 2022 da 2023, Yago Dora a 2025. Yawancinsu 'yan Brazil ne waɗanda suka taso a ƙananan igiyoyi suna tashi sama tun suna yara, kuma yanzu sun koyi shiga kogon ma, wanda da can shi ne ake cewa ba su iya ba. Abin da Slater ya fi su da shi sun matso kusa, abin da suka fi shi da shi kuma shi ba zai iya matsowa ba. Ko Jordy Smith na Afirka ta Kudu da ya ba kowa mamaki a 2025 ya ci El Salvador da Margaret River yana da 37, ana ta kiransa tsoho, Slater ya girme shi da shekara 16, kuma shi ma bai ɗauki kambun ba.

Abin da ke damuna a wannan maganar ta na 12 shi ne zaluntar mutumin ake yi ba a sani ba. Duk lokacin da ya shiga ruwa ya fita a zagaye na biyu sai ka ga ana rubuta kaico, ya gaza, kamar akwai wani bashi da ake binsa. Wane bashi? Mutum ya riƙe wasa shekara 30, ya canza yadda ake hawa, ya canza irin allon da ake hawa da shi, ya zo a Disambar 2015 ya nuna wa duniya igiyar da inji ya ƙera a tsakiyar gonakin Lemoore ta Kalifoniya nesa da teku, abin da yau ya sa yaro a ƙasashen Larabawa na Khalij zai iya koyon wasan ba tare da ya je Hawayi ba. A ce duk wannan bai cika ba sai ya ƙara ɗaya? Ni a wajena lissafinsa ya rufe tun 2011, abin da ya biyo baya duk kyauta ce.

Inda zan ɗan saɓa wa masoyansa kuma shi ne maganar gurbin alfarma. Ina goyon bayan a riƙa gayyatarsa Pipeline da Tahiti da Fiji muddin yana so kuma jikinsa ya yarda, don a can ba alfarma ake masa ba, da gaske yana iya kada kowa. A Mayun 2024 ma a Tahiti sai da ya kai zagayen 'yan takwas kafin Ramzi Boukhiam na Maroko ya tsayar da shi, kuma sai da Ramzi ya yi hawan rayuwarsa. Amma masu cewa a ba shi gurbin shekara guda cur don ya nemi na 12, a'a, wannan ban yarda ba. Guraben nan 'yan kaɗan ne, maza talatin da 'yan kai a duk duniya, kuma kowane gurbi da aka ba suna an hana wani yaro ne da ya sayar da abin da ya mallaka yana bin ƙananan gasa daga ƙasa zuwa ƙasa ba mai ɗaukar nauyinsa. Shi Ramzi ɗin shekara nawa ya yi yana bugawa kafin ya zama ɗan Maroko na farko da ya shiga babban rukuni? Akwai yara a Ngor ta Dakar, akwai a Taghazout ta Maroko, akwai ma a Tarkwa Bay ta Legas da ke hawa da allunan da baƙi suka bari, waɗannan in ƙofa za ta buɗe musu wata rana to ta irin waɗannan guraben za ta buɗe. Na san hukumar kuɗi take nema kuma sunan Slater yana kawo 'yan kallo fiye da na kowa, ni kaina in na ji yana ciki ba na barci duk da awa 13 da ke tsakaninmu da Hawayi, amma a ba shi wurare ukun nan da suka dace da shi a bar sauran shekarar ga masu neman na farkonsu.

In aka ce in zaɓa yau, zan ce yana iya sake kaiwa wasan ƙarshe a Pipeline ko Teahupo'o idan ruwa ya yi girma sosai kuma ƙugun ya bar shi, har ma ya ci ta 57 in Allah ya nufa. Kambun shekara kuwa tsakanin su Yago Dora da Griffin Colapinto da Jack Robinson da Italo da Medina za a ci gaba da yin sa.